Mutanen Gabas: Tarihin Wasu Ma'aurata Leburorin Auduga Da Abin Da Ya Kamata 'Ya'yanki Su Sani

  

Uwargida, yau da tambaya zan fara, kuma ina so ki ɗan dakata ki amsa wa kanki kafin ki ci gaba da karatu. Mene ne sunan mahaifiyar kakarki? Inna, Iya, Gwaggo ko Hajiya Babba duk ba su shiga lissafi ba, sunan yanka nake nufi. A wane gari aka haife ta? Da wace sana'a ta rufa wa kanta asiri?

Da yawanmu a nan za mu tsaya cak, kuma akwai dalili. Na farko alkunya. Mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin na ɗan fari, ba ta faɗin na surukai, yaro kuma ba ya kiran babba da sunansa. Ɗabi'a ce mai kyau, sai dai idan suna ya shekara hamsin ba a furta shi ba, ranar da mai riƙe da shi a zuciya ta rasu, sai ya bi ta kabari. Na biyu, lissafin asali ta wajen maza muke yin sa: wane ɗan wane jikan wane. Na uku shi ya fi ciwo. Sarki yana da maroƙa da kirari, malami yana da almajirai da littattafai, attajiri yana da gidajen da ake nunawa. To wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙwadago a gonar wani, wa zai riƙe labarinsa in ba jikokinsa ba?

Shi ya sa a wannan mako zan kawo miki tarihin wasu ma'aurata, leburori, iyayen kakata ta wajen uwa. A gidanmu "mutanen gabas" ake ce musu, ni ma haka zan kira su. In mun gama, sai mu duba yadda za ki tono naki tarihin da wannan wayar da ke hannunki.

Barin gida

Mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Kano. Mijin shi ne auta a cikin maza biyar, a gandu yake noma ƙarƙashin babban wansa, da rani kuma ya shiga birni yana dako da ga-ruwa. Matar tana kaɗi, tana dama fura ana kai mata kasuwa. A 1927, shekara guda bayan hawan Sarki Abdullahi Bayero, aka yi yunwar nan da wasu ke kira Mai Buhu. Rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka, haraji kuwa ba ruwansa da ko damina ta yi kyau, kuma da kuɗin Bature ake biyansa. Akuyoyinta biyu suka tafi, 'yar gayaunarsa ta shiga jingina. Da aka yi girbi, sai suka ƙulla niyyar Makka.

A wancan zamani talaka ba ya jira ya tara kuɗin hajji kafin ya tashi. Tashi yake yi, ya nemi guzurin a hanya. Suna da 'ya ɗaya mai shekara uku, wadda tun daga yaye take hannun kakarta ta wajen uba, kamar yadda aka saba yi da 'yar fari. Tsohuwar ta ce ba mai ja mata jika cikin daji. Aka yi sallama a kan shekara uku za a dawo. Wannan yarinyar ita ce kakata.

Suka bi ayari a farkon 1928, ta Maiduguri, suka tsallaka Fot Lami, wato Injamena ta yau, suka wuce Abeshe, suka shiga Sudan ta Janaina, daga nan Fashir, sai Ubayyid inda jirgin ƙasa yake. Daga Kano zuwa bakin Bahar Maliya ya haura kilomita 3,000, kuma yawancinsa a ƙafa ne ko a bayan jaki. In damina ta riske su a wani gari sai su yada zango, shi ya yi noman jinga, ita ta yi daka da surfe a gidajen mutane. A Abeshe ta haifi ɗa namiji. Shekara biyu suka yi kafin su ga kogin Nilu.

Ba su ne farkon zuwa ba. Bayan yaƙin Burmi a watan Yulin 1903, inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, suka zauna a gaɓar Nilu Shuɗi kusa da Sinnar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Saboda haka baƙo daga ƙasar Hausa yakan tarar da masu jin yarensa. Mutanen Sudan kuwa duk suna guda suke ba su: Fallata, ko Takari.

Gonar da ba ta da iyaka

Jazira ita ce ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Nilu Shuɗi, kudu da Kartum. Tun 1899 Turawan Ingila ke riƙe da Sudan, da sunan haɗin gwiwa da Masar. Masaƙun Lankashaya a Ingila suna buƙatar auduga mai dogon gashi, sai aka gina madatsar ruwa a Sinnar, aka gama ta a 1925, aka yayyanka ƙasar da magudanan ruwa miƙaƙƙu. Da kimanin fadan 300,000 aka fara, fadan ɗaya kuwa ya ɗara eka kaɗan.

Tsarin mai ƙafa uku ne. Gwamnati ta kawo ruwa, wani kamfanin Turawa ya riƙe shugabanci da gurza da sayarwa, sai manomi ɗan haya da aka yanka wa gona ta fadan 30, wadda suke kira hawasha, goma daga ciki dole auduga ce. Kashi 40 cikin ɗari na ribar shi ne rabon manomi. To amma gida ɗaya ba zai iya nome fadan goma na auduga ya kuma cire ta a kan lokaci ba, dole ya ɗauki 'yan ƙwadago, kuma daga cikin nasa kason yake biyansu. Kin ga ke nan lebura shi ne na ƙarƙashin na ƙarƙashi. Ba shi da gona, ba shi da kaso, sunansa ba ya cikin rajista. Ana ƙirga buhunan da ya cika, shi kuwa ba a rubuta shi.

Irin waɗannan leburori ba a cikin gari suke zama ba. Ana nuna musu wani fili a bayan ƙauye, a bakin magudanar ruwa, su kakkafa bukkoki. Sunan wurin kambo. A nan mutanen gabas suka sauke kayansu a 1930, da niyyar kaka ɗaya ko biyu.

Zaman kambo

Aikin shekara a jere yake. A watan Agusta a yi shuka, a bi da noma da ban ruwa. Daga Janairu zuwa Afrilu cirar auduga, kowa da kowa, har yara. Da an gama, cikin zafin bazara, a tuge itacen audugar kakaf a ƙone saboda cuta. Tsakanin waɗannan kuma mijin yana shiga magudanar ruwa har ƙugu yana yashe laka da ciyawa. Ita kuma tun asuba take ɗaure goyo ta shiga kunya, da yamma a ɗora abin da ta ciro a sikeli, a biya ta gwargwadon nauyinsa.

Ki dubi wannan abu. A gida ita ke gurza audugarta, ta shiɓe, ta kaɗa da mazari, ta kai wa masaƙi. A Jazira ta shekara da shekaru tana cirar audugar da ta fi kowace kyau, amma ko sili ɗaya ba nata ba ne. Jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Fot Sudan, jirgin ruwa ya kai Ingila, a saƙa, a dawo da yadi kanti ta saya da kuɗin guminta.

Sun kuma iso a mugun lokaci. Kasuwar duniya ta karye a farkon shekarun 1930, farashin auduga ya faɗi, cuta ta kama gonaki. Manoma da yawa suka watsar da hawasharsu, har aka ba wasu Takari. Su rabonsu bai kai nan ba. Abin da mijin ya samu daga baya shi ne noman dawa a gonar wani, in an girbe a raba biyu.

Ita ce ta riƙe gidan. Bayan aikin gona tana suyar ƙosai da gyaɗa, tana dama fura, ta shiga adashi da matan kambo. Asusu biyu ta yi: na ciki, da na Makka, wanda ta binne a cikin ɗan tulu ƙarƙashin gado. Amma duk sanda na Makka ya kusa cika sai wani abu ya taso ya cinye shi. Yau suna, gobe jinya, jibi bashin mai kanti da aka ci tun kafin kaka, wanda in an tashi biya sai ya kusa ninkawa. Ruwan magudanar nan shi ne na sha, shi ne na wanka, shi ke kawo tsargiya, a bakinsa sauro ke ƙyanƙyasa. Ta haifi bakwai a Jazira, ta binne uku. Ana cikin haka yaƙin duniya ya zo, a 1940 sojojin Italiya suka kama Kasala, garin da ke kan hanyar jirgin ƙasa zuwa teku, tafiya ta ƙara wuya.

Sai a 1947 tulun ya cika. Suka bar yara a hannun maƙwabta, suka tafi Sawakin, aka yi musu allurai aka tsare su kwanakin da ake tsare alhazai, suka shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Shekara 19 bayan barin gida suka tsaya a Arfa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Zaɓin da ba shi da daɗi

'Yar'uwa, sa kanki a matsayinta. Kin sauke farali, aljihu ya koma wayam. Can yamma, tafiyar shekara biyu, akwai 'yar da kika bari tana shekara uku, yanzu tana ɗakin mijinta. Nan kusa kuma akwai biyar da ke jiranki a bukka, ƙaraminsu bai daɗe da yaye ba. Ina za ki nufa?

Jazira suka koma. Amma ta samu wani alhaji ɗan ƙauyen da ke kusa da nasu wanda zai wuce gida, ta ba shi saƙo: ruwan zamzam a ɗan gwangwani, da dabino, da zoben azurfa, da wasiƙar ajami da malamin kambo ya rubuta mata. A ciki ta gai da kowa, ta jera wa 'yarta sunayen ƙannenta bi da bi, har da ukun da suka rasu, sannan ta roƙe ta gafara. Kakata ta ajiye takardar nan a ƙasan kwalla, naɗe cikin tsumma, har ƙarshen ranta.

Mijin ya rasu gab da samun 'yancin Sudan a ranar 1 ga Janairun 1956. A shekarun nan ne kuma jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano, masu tafiyar ƙafa suka yi ta raguwa, masu kai saƙo suka ƙare. Dokar zama ɗan ƙasa da Sudan ta yi a 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Da wannan sharaɗi, 'ya'yan leburori da yawa da aka haifa a kambo suka wayi gari baƙi a inda aka binne cibiyarsu, ƙasar iyayensu kuwa ba su taɓa ganinta ba. Wani masani mai suna Bawa Yamba da ya zauna da Hausawan Jazira ya fitar da littafi a 1995, inda ya nuna har jikoki da tattaɓa-kunne suna ɗaukar kansu matafiya ne da ke kan hanyar Makka.

Ga abin da tsohuwar ta yi. Kowane dare, bayan an ci tuwo, sai ta tara 'ya'ya, daga baya jikoki, ta sa su maimaita kamar karatun allo: sunan ƙauye, sunan unguwa, kukar da ke bakin rijiya, sunayen 'yan'uwan mijinta, da sunan 'yar da aka bari. Sunan nan da ba ta taɓa furtawa a gida ba saboda alkunya, a Jazira kullum sai ta furta shi.

A zamanin Shagari, shekaru bayan rasuwarta, wani jikanta ya zo Kano fatauci. Ya nemi ƙauyen, ya tsaya a ƙofar gidan mai gari, ya karanto abin da aka haddatar da shi da Hausarsa mai gauraye da Larabci. Aka kai shi wurin kakata. Ta sa aka ɗauko wasiƙar aka karanta, shi kuma ya jero sunayen baffanninsa da gwaggwanninsa, suka zo daidai ɗaya bayan ɗaya. Ranar ta ji yadda uwarta ta rayu da inda aka binne ta. Daga nan zumunci ya ɗore, da wasiƙa, da kaset, yau kuma da WhatsApp.

Me ya sa wannan ya shafe ki?

Ko da ba ki da kowa a Sudan, da wuya a rasa irin wannan labari a zuriyarki. Wani kakan haƙar kuza ya tafi Bukuru ko Barikin Ladi, wani ma kama shi aka yi aikin tilas tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Ingila ta matsu da kuza saboda yaƙi. Wani gonakin koko ya tafi a Gwalkwas, wato Gana ta yau, ya zauna a zango har dokar korar baƙi ta 1969 ta taso shi. Wani aikin shimfiɗa titin jirgi ya bi, wani dakon gyaɗa. Kusan kowannensu akwai mace a gefensa da ta yi tuwon sayarwa, ta yi wankau, ta yi adashi, ko kuma aka bar ta a gida tana jira da yara.

Mun fi son a ce mu jikokin sarakai ne ko na malamai. Ki saurari hira a gidan biki, kowa kakansa alƙali ne ko hakimi, har mutum ya rasa to wa ya yi noman da aka ci. Yaron da aka ɓoye masa cewa kakarsa ta yi leburanci, gobe shi ne zai wulaƙanta 'yar aikin gidanku da mai turin baro. Wanda kuwa aka gaya wa cewa karatun da yake yi a yau a kan gumin wata mai cirar auduga aka gina shi, zai san darajar aiki, zai san kuɗi ba daga sama suke faɗowa ba.

Akwai kuma amfani na zahiri. Rabon gado yakan cije saboda an rasa mai iya jera magada. Aure yakan ɗauru tsakanin waɗanda suka sha nono ɗaya domin tsohuwar da ta sani ta rasu ba ta faɗa ba. Likita yakan tambaye ki ko akwai sikila, hawan jini ko ciwon suga a dangi, amsar kuwa tana cikin sanin abin da ya kashe na gaba.

Sannan lokaci ba ya jira. A watan Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi, ya ci rayuka sama da ɗari, Hausawa da yawa suka rasa matsuguni. A 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Sudan, a watan Disamba na shekarar ya isa Wad Madani, babban birnin Jazira. Mutane suka fita da kayan jikinsu, aka bar adaka da hotuna da takardu. Mu ma nan gida mun ga ƙauyukan da rashin tsaro ya tasa a dare ɗaya, mun ga ambaliya, mun ga gobara. Abin da ke tsira a irin wannan rana shi ne abin da ke cikin kai, da wanda aka riga aka aika wa wani.

Yadda za ki fara

Na ɗaya, zaɓi tsohuwa ko tsohon da ya fi kowa shekaru a danginki da dangin maigida, ki je da kanki, da ɗan goro ko turare. Zumunci a ƙafa yake. In nesa ne, ki roƙi wata 'yar'uwa da ke kusa ta zauna da ita, ke kuma ki bi ta waya.

Na biyu, nemi izini kafin ki kunna rikodar waya. Ki ce, "Gwaggo, so nake jikokinki su ji muryarki." Ki ajiye wayar a gefe, ki sa ta yanayin jirgin sama don kada kira ya katse, kada zama ɗaya ya wuce rabin awa. Tsoho yana gajiya, gobe ma rana ce.

Na uku, kada ki ce "ba ni tarihin gidanmu," za ta ce ba ta san komai ba. Yi mata ƙananan tambayoyi. Wa ya yaye ki? Wa ya yi miki kitson aure? Me ake dafawa ranar da babu? Wane aiki mahaifiyarki take yi da rani? Wa ya tafi bai dawo ba? Tambaya ta ƙarshen nan ita ke buɗe ƙofofi.

Na huɗu, maganar suna. In alkunya ta hana ta furtawa, kada ki matsa. Ki tambayi wa aka yi wa takwara, ko ki kawo sunaye ta ɗaga miki kai, ko ki nemi taubashiyarta ko ƙawarta ta faɗa. Ki rubuta sunan yanka da laƙabi gaba ɗaya, domin wani reshen dangi da laƙabin kawai ya san mutum. Ki bi layin mata kamar yadda kike bin na maza.

Na biyar, shekaru. Tsofaffi ba sa ƙirga da lamba, da abin da ya faru suke ƙirgawa, sai ke ki mayar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba 1913 zuwa 1914. 'Yar Gusau 1942. Sarkin Katsina Dikko ya rasu a 1944, Sarkin Kano Abdullahi Bayero a 1953. Zuwan Sarauniyar Ingila 1956. 'Yancin Najeriya da Nijar 1960. Komawa tuƙi ta hannun dama a Najeriya 1972, fitowar naira 1973. Sunan yunwa yakan bambanta daga yanki zuwa yanki, don haka ki rubuta shi yadda ta faɗa, ki haɗa da sunan sarkin da ke kan gado a lokacin.

Na shida, ɗauki hoton kaya. Tsohuwar takardar haraji, fasfon hajji, wasiƙar ajami, tasa, mazari, akwatin aure, har tsagar fuskar tsohuwa in ta yarda. Wasiƙar ajami ki kai wa malami ya karanta ki naɗi muryarsa. Mai son zurfafawa kuma, akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, da Gidan Arewa, inda ake samun rahotannin gundumomi na zamanin Turawa. Ba lallai ki ga sunan kakanki ba, amma za ki iya ganin sunan garinku da irin harajin da aka ɗora masa.

Na bakwai, kada ki bar komai a waya ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta. Ki tura wa mutum biyu amintattu, ki aika wa kanki ta imel, sannan ki sayi littafin rubutu mai kauri ki kwafe sunaye da garuruwa da biro. In kina da 'ya ko ɗa a sakandare, ba shi aikin rubutun, da haka zai haddace.

Na takwas, riƙe amana. Tonon tarihi yakan fito da abin da ba a zata ba: bauta, saki mai ɗaci, ɗan riƙo da bai san riƙonsa aka yi ba, gonar da aka ci. Ba duk abin da tsohuwa ta gaya miki ne na guruf ɗin dangi ba, balle Facebook. Ki tambaye ta wanne za a faɗa, wanne za a bari. Abin da zai raba zumunci, ki nemi shawarar manya kafin ki buɗe baki.

Na ƙarshe, mayar da shi hira. Yara ba sa son lacca, amma suna son labari. Daren da aka ɗauke wuta, maimakon kowa ya duƙufa a kan waya, ki ce ku zo ku ji yadda kakar kakarku ta yi. Ki faɗi sunanta, ki sa su maimaita, ku yi mata addu'a tare. Waiwaye adon tafiya ne.

Aikin wannan mako ke nan, uwargida: suna ɗaya, gari ɗaya, sana'a ɗaya. In kin samo, ki rubuto mana a wurin sharhi da ke ƙasa, ki gaya mana garin da kakanninki suka je neman abinci da irin aikin da suka yi. Sunayen mutane da lambobin waya kuwa ki bar su a littafinki, kada ki sa a fili. Masu karanta mu daga Sudan, Chadi, Gana da Kamaru, muna son jin naku ɓangaren, domin ku ne kuke riƙe da rabin labarin da ya ɓace mana.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka musu da alheri bisa wahalar da suka sha dominmu, Ya kawo wa Sudan da ƙasashenmu zaman lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.